Wanda Ya Harbi Mai Rabon Ruwa

An harbi Don Eusebio Archuleta ranar Talata da safe, bakwai saura kwata, a bakin ƙofar ruwa ta babbar magudanar garinmu, Palomero. Harsashin ya shiga cinyarsa ta dama ya fita ta baya. Kafin ƙarfe tara gari ya gama yanke hukunci cewa ni ne.

Ban ga laifinsu sosai ba. Don Eusebio shi ne mai rabon ruwa, shekara ashirin da shida yana gaya wa kowa ranar da ruwa zai shiga gonarsa da sa'ar da zai rufe. Ranar Asabar, wurin yasar magudana, ya kore ni a gaban mutum arba'in saboda na ajiye shebur sau uku na tafi shan taba. Ni kuma na ɗaga murya na ce masa wata rana sai ya yi nadamar wannan wulaƙanci. Sannan kowa ya san na sayi fistol mako uku da suka wuce, domin ni da kaina na bi gari ina nunawa. Shekarata ashirin da uku. Na bar makaranta ina ɗan sha shida, na yi aiki wuri bakwai, ba inda na cika shekara.

Yayata Perla ce ta ceci ransa. Nas ce mai bin marasa lafiya gida-gida, kuma kullum da safe takan bi hanyar magudana a ƙafa ta je ta yi wa wata tsohuwa mai ciwon suga allura. Ta ce ta ji ƙarar harbi, ta ruga, ta same shi rabin jikinsa cikin ruwa. Ta ɗaure cinyar da igiyar jakarta, ta danne ciwon da hannu har motar asibiti ta iso. Shi kuwa bai ga kowa ba. Ya ce daga cikin sarƙaƙiyar bakin ruwa harsashin ya fito.

*

Ɗan sandan gundumarmu, Lyle Pacheco, ya same ni a garejin da nake canza tayoyi. Ya karɓi fistol ɗina, ya cire harsasai, ya shinshina bakinta.

"An harba wannan kwanan nan, Amadeo."

"Jiya da rana. Gwangwanaye na harba a bayan bola."

"Kai da wa?"

"Ni kaɗai."

"Yau da safe fa, kana ina?"

"Barci."

"Akwai wanda ya gan ka?"

"Lyle, ka san ba macen da za ta yarda."

Bai yi dariya ba. Ya ce likita ya duba ramin harsashin, ba na babbar bindiga ba ne, ya fi kama da na ƙaramar bindiga mai lamba tara ko abin da ya yi kusa da ita. Tawa kuwa mai lamba tara ce.

"Na kira Doña Nelda," ya ce. "In ƙasa ta wanke ka kafin ƙarfe biyar, shi ke nan. In ba ta wanke ka ba, yau a bayan kanta za ka kwana, kuma ba kwana ɗaya ba."

Doña Nelda Quintana mai bin sawu ce. Shekarunta sittin da bakwai, kuma duk abin da ya ɓata a tsaunukan nan, saniya ko maharbi ko yaro, ita ake kira. Ta sauko daga tsohuwar motarta da sanda a hannu, ta dube ni daga ƙasa zuwa sama, ta fi daɗewa a kan takalmina.

"Taho da shi," ta ce wa Lyle. "Ina son ƙafafunsa kusa da ni."

*

A ƙofar ruwa ta sa na taka laka sau biyu. Ta duƙa tana duba sawun. Can ta nuna wani sawu da sanda, taku biyar daga inda jinin yake.

"Wannan naka ne, ɗan nan."

Lyle ya gyara tsayuwa.

"Jiya da yamma na zo," na ce.

"Me ya kawo ka?"

"Haƙuri na zo ba shi. Da na hango shi yana tahowa sai na juya."

"Jarumi," ta ce. Ta kira Lyle ya duƙa. A cikin sawun nawa akwai wasu 'yan ɗigo-ɗigo a jere kamar ɗinkin keke. "Ɓeraye sun bi ta kai. Ɓera ba ya yawo a fili da rana. Wannan sawun ya kwana."

"Ya nuna ya zo jiya," Lyle ya ce. "Bai nuna bai dawo yau ba."

"Gaskiyarka. Ashe makarantar 'yan sanda ba a banza take ba."

Ta ci gaba da zagaye. A jikin ƙarfen da ake murzawa a buɗe ruwa ta sami wani sawun, na babban takalmin mai dawaki, dunduniya ta lotsa ƙasa, gefensa ko bushewa bai yi ba. Duk mu ukun mun san mai shi. Mutum ɗaya ne a Palomero mai ƙafa haka.

*

Harlan Tuttle yana gyaran shinge muka same shi. Ƙato ne mai shanu a ƙasan magudana, wanda ba ya buɗe baki sai ya ambaci babbar bindigarsa mai lamba arba'in da biyar.

"Ka je ƙofar ruwa yau da safe, Harlan," Doña Nelda ta ce.

"Wa ya ce?"

"Dunduniyarka ta hagu. Ka canza mata ƙusa tun bara na gaya maka."

Ya ja hularsa ƙasa, ya yi ta kame-kame, sannan ya amsa. Ranar ruwansa Alhamis ce, ciyawarsa kuma tana bushewa, sai ya je biyar da rabi ya murza ƙofar kaɗan. Ya rantse ya bar wurin kafin tsohon ya iso.

"Amma harbi, a'a. Da da tawa na harbe shi, da ƙafar daban za a kai asibiti, shi daban. Ni ba na ɗaukar abin wasan yara kamar na wannan." Ya nuna ni da haɓa.

"Tana ina yanzu?" ta tambaya.

Ya dafa ƙugu. Ba komai a wurin sai bel.

"Tana mota."

"Tun yaushe?"

"Tun Kirsimeti," ya ce a hankali. "Nauyinta yana sa mini ciwon ƙugu."

"Na sani. Da kana ɗauke da ita da sawunka na dama ya fi nutsewa. To ranar da ɓarawo ya tare ka, sai ka ce ya jira ka je mota."

Lyle ya je ya duba. Bindigar tana cikin aljihun mota, ƙura ta rufe ta, ba a harba ta ba.

Muna shirin tafiya Harlan ya ce, "Amma na ji harbin daga nan. Ɗaya tak. Kuma ba ƙarar tara ba ce, tara tas take yi. Wannan kamar an fasa dutse, magnam ce, mai harsashin nan mai ƙarfin tsiya, ko ba a gaya mini ba. Na ɗauka wani ne ya harbi karnukan nan da aka yasar. Maruƙa biyu suka kashe mini a watan nan."

Doña Nelda ta tsaya da ƙafa ɗaya cikin mota.

"Karnuka nawa?"

"Uku."

*

Ba mu koma ƙofar ruwa ba. Ta zagaya da mu bayan sarƙaƙiyar, inda 'yar hanyar ƙafa ta bi, wajen taku sittin daga inda tsohon ya faɗi. Rana ta fara karkata, inuwa ta fito a cikin kowane sawu. Aka kira Lyle a rediyo, ya koma mota, muka rage mu biyu.

"Ga su," ta ce. Sawun karnuka uku ya fito daga ciyawa ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Daga nan kuma ya watse, kowanne ya kama gabansa da gudu.

Ta ja da baya taku takwas, ta tsaya, ta sunkuya tana duban ƙasa.

"Zo ka gani, amma kada ka taka."

Wani ɗan rami ne zagayayye, kamar an danna ƙasan kofi a ƙasa mai laushi. A bayansa akwai inda kan takalmi ya soke ƙasa. A gabansa, ta hagu, sawun ƙafa ɗaya ya zauna daram.

"Gwiwa ce. Wani ya durƙusa da gwiwar dama, ƙafar hagu a gaba. Kai da karnuka uku suka tare ka, durƙusawa za ka yi?"

"A'a."

"Ba mai yi, sai wanda abin da yake nema yana ɗaure a ƙwaurinsa. Dole ya sauka ƙasa ya ɗage wando kafin ya zaro." Ta nuna dama da sanda. "Irin taka tana tofar da kwanso gefe. Da ita aka harba, ko dai kwanson yana nan, ko in ga inda aka yi ta tattake ciyawa ana nemansa. Ba ko ɗaya. Libarba ce, mai riƙe kwansonta a ciki."

Ta ɗaga sandar zuwa sarƙaƙiya. Wani reshe ya karye daidai ƙugun mutum, farin cikinsa a waje. Tsakaninsa da inda karnukan suka tsaya ya kai gaba biyu.

"Taku takwas, a kuskure kare da gaba biyu. Wannan ba mugun nufi ba ne. Mutum ne da yake tsoron bindigarsa fiye da yadda yake tsoron kare. Ya runtse ido, hannu ya fizge tun kafin ta tashi."

Na sake duban sawun. Na riga na gane takalmin. Farin takalmin roba ne na ma'aikatan asibiti, kullum yana bakin ƙofar gidanmu.

"An ce ta ji harbi daga hanya ta rugo," Doña Nelda ta ce, ba ta dube ni ba. "Gudun nata daga nan ya fara. Daga gwiwar."

Ni na zaɓa wa Perla bindigar. Bara, bayan tsohon mijinta ya fara fakewa a mota a ƙofar gidanmu, ta ce in raka ta shago tunda ni ne masanin bindigogi. Sanin nawa duk daga mujallu da bidiyo ne. Wandon aikinta mai zariya ne, ba wurin bel, sai na ce a ƙwauri za ta ɗaura. Na ɗauko mata wadda ta fi kowace ƙanƙanta da rashin nauyi, na ce ƙaramar mace sai ƙaramar bindiga. Mai shagon ya ce ta fara gwada uku ko huɗu a filin harbi na bayan shago, domin marar nauyi ita ta fi dukan hannu. Na ce masa ba yau na fara ba. Ya miƙo harsashi mai sauƙi, mai lamba talatin da takwas, na ture, na ce magnam, wanda in ya sami mutum ba ya tashi. Sau ɗaya ta harba a bayan bola. Ta tsaga mata fatar tsakanin babban yatsa da manuni, ta yar da ita tana yarfe hannu. Na yi dariya na ce ranar tsoro ba za ta ji zafi ba. Ba ta sake gwadawa ba, ni kuma ban sake tambaya ba.

"Doña Nelda," na ce, "ni ne. Ni na durƙusa a nan."

"Da ƙafarka mai lamba sha ɗaya?"

"Za su karɓe mata takardar aiki. 'Ya'ya biyu gare ta. Ni me zan rasa, canza taya?"

Sai a lokacin ta dube ni.

"Shekara goma za ka rasa, sakarai. Kai in aka kama ka, cewa za a yi ka yi niyya." Ta share ƙasar gwiwarta. "Huɗu da rabi 'yan magudana za su taru a zauren coci. Zan faɗi abin da ƙasa ta faɗa, ba ƙari ba ragi. Suna kuwa ba a rubuce yake a ƙasa ba. Akwai sauran sa'a guda."

Na kira Perla sau shida. Ba ta ɗauka ba.

*

Zauren ya cika. An dafa kofi, wata ta kawo faten masara da jan barkono kamar ranar biki, amma da na shiga kowa ya ajiye cokali. Lyle ya zaunar da ni a gaba kusa da Harlan. Perla tana can baya, har yanzu da rigar aikin da jinin tsohon ya bushe a hannunta, mata suna ta dafa mata kafaɗa.

Doña Nelda ta fara da ni. Ta ce sawuna ya kwana, kuma bindigata ba ita ba ce. Wani ya ce daga baya, "To bakinsa fa?" Ta ce baki ba ya barin sawu, da rabin zauren nan suna kurkuku. Ta koma kan Harlan, ta ce ya saci ruwa amma bai harbi kowa ba. Aka yi ca a kansa, ya yi ta juya hula a hannu.

Sannan ta faɗi sauran: karnuka uku, gwiwa ɗaya a ƙasa, reshen da ya karye, bindiga marar nauyi da harsashin da ya fi ƙarfinta.

"Wanda ya harba bai san da mutum a bayan itatuwan ba," ta ce. "Da ya ji ihu bai gudu gida ba. Abin da ƙasa ta gaya mini ke nan."

Ta zauna. Lyle ya dubi agogo. Biyar saura minti goma.

Na miƙe. Ban san ma me zan ce ba, na dai buɗe baki.

"Zauna, Deo."

Muryar Perla ce. Ta taho ta tsakiyar kujeru har gaban Lyle.

"Ni ce. Bindigar tana cikin motata, na cire harsasan. Karnukan sun tare ni, na harba, ko ganin inda ta nufa ban yi ba. Da aka tambaye ni da safe sai na ji bakina yana cewa tsintarsa na yi. Tun lokacin nake neman yadda zan janye maganar, ana ta rungume ni ana cewa na gode." Ta juyo gare ni. "Ban san kai suka kama ba sai da rana. Da na sani kuma na ƙara sa'a uku ina zaune a mota. Wannan ma ku rubuta."

"Yaya, ni na zaɓa miki ita," na ce. "Ni na zuba mata wannan harsashin. Lyle, ka rubuta wannan."

"Zaɓen banza ba laifi ba ne a doka," Lyle ya ce. "Da na daɗe da kama ka."

Ba wanda ya yi motsi sai Harlan. Ya tashi, ya ja kujerarsa ya ajiye a bayan Perla.

"Zauna, 'yar nan. Karnukan nan tun watan jiya ya kamata in yi maganinsu, da tawa ba a mota take ba."

*

Kwana uku bayan haka muka je asibiti ni da ita. Don Eusebio yana kwance, ƙafa a rataye, yana faɗa da wata nas a kan kofin da ba sukari. Perla ta tsaya a bakin gado ta faɗi komai da bakinta, duk da ya riga ya ji.

Ya ɗaga ido ya kalli silin.

"Harbin bai dame ni ba kamar ƙaryar," ya ce. "Harbi na minti ɗaya ne. Kin bar ƙaninki a hannun Lyle wuni guda."

"Haka ne, Don Eusebio."

"Likita ya ce da kin makara da minti huɗu da yanzu ana cin faten masara a zaman makokina. Na gaya wa lauyan gwamnati haka, zan kuma gaya wa hukumar taku ta nas-nas, ko a keken guragu ne a tura ni." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, masanin bindigogi. An ce haƙuri ka zo ba ni."

"Na zo."

"To ina shi?"

Na ba shi. Ya ce bai ji ba, kunnensa na hagu ya lalace, in sake. Na sake har sau uku kafin ya ji.

Alƙali ya yi mata ɗaurin talala na shekara guda, ya hana ta riƙe bindiga sai ta kawo shaidar horo. Hukumar ta dakatar da ita wata uku, amma ba ta karɓe takardar ba. A watannin nan ita ce ke zuwa gidan tsohon kullum tana wanke masa ciwo, yana gaya mata ba ta iya ba.

Da lokacin horon ya zo, a bayan gidan Doña Nelda aka yi, ita da wani malamin harbi da kotu ta yarda da shi. Suka jera bindigogi biyar a kan tebur. Perla ta harba kowacce sau biyar, ana tambayarta wace ta cika mata tafin hannu, wace yatsanta ya kai kunamarta ba tare da ta karkace ba, wace za ta yarda ta harba sau hamsin a wuni ɗaya. Ta zaɓi wata matsakaiciya mai ɗan nauyi, da harsashi mai sauƙi, da bel mai ƙarfi da za ta ɗaura a ƙarƙashin rigar aiki. Don karnuka kuwa malamin ya ba ta gwangwanin feshin barkono, ya ce shi za ta fara kai wa hannu, kuma kada ta ƙara harbin abin da ba ta san me ke bayansa ba.

Aka kafa farantin takarda a taku goma. Perla ta sa biyar cikin biyar.

"Deo, zo ka gwada da taka," ta ce.

Na sa biyu. Na fara bayanin cewa iska ce ta taso daga hagu.

Doña Nelda ta ɗebi ƙasa a hannu ta sake ta. Ta zuba tsaye a kan takalminta.

"Asabar, ƙarfe takwas," ta ce. "Ka zo da harsashi hamsin, ka bar bakin a gida."